HOTO ƊAYA TAK: WASANNI A ƘASAR KAZAURE A SHEKARAR KORONA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Shekaranjiya ina neman wata takarda a durowa sai na ci karo da tsohuwar wayata, wadda gilashinta ya tsage tun 2021. Na jona ta a caji don dai in ga ko tana da sauran rai. Ta kawo. Na zauna ina bin hotunan ciki ɗaya bayan ɗaya har na iso kan na 2020. Akwai hoton takardar magani, akwai na buhun gero da na tura wa wani ya ga irinsa, akwai na yara. Na wasa kuwa, a shekarar nan kaf, guda ɗaya tak na samu. Ni da ba na gifta filin ƙwallo ban ɗaga waya ba.

Ga abin da ke cikin hoton. Bayan gari ne nan Kazaure, a wata gona da ba a kai ga sharewa ba. Yamma ce liƙis, cikin azumi. Yara bakwai, galibinsu ba takalmi, an kafa raga da duwatsu biyu, ƙura ta tashi har ta disashe hoton. Can sama a gefe, kan reshen darbejiya, akwai yaro na takwas. Ya ba filin baya, idonsa na kan hanya. Gadi aka sa shi, in ya hango motar jami'an tsaro ya yi fito kowa ya kama gabansa. Shi kaɗai ne ɗan kallon wasan, kuma ba wasan yake kallo ba.

Na daɗe ina duba hoton nan. Abin da ya zo mini a rai shi ne: duniya ta ajiye dubban hotuna na yadda aka yi wasa a shekarar korona, mu kuma nan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura namu suna cikin matattun wayoyi, wasu ma an goge su da gangan. Idan muka yi sake, nan da shekara ashirin sai dai mu ba jikoki labari da baki, su ce kai Kaka ka cika ƙari.

YADDA ABIN YA FARA

Bari mu tuna, don mantuwa ta fara shiga. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. A lokacin mu nan Arewa kallon abin muke kamar labarin rediyo. A tsakiyar Maris ma aka yi bikin kamun kifi na Argungu bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Ku nemi hotunan bikin nan ku gani: dubban masunta da gora da koma suna rugawa cikin Matan Fada kafaɗa da kafaɗa, jama'a sun yi dafifi a bakin ruwa. Masu ɗaukar hoton ba su san suna ɗaukar ɗaya daga cikin manyan tarukan ƙarshe ba kafin a rufe ƙasa.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka dakatar da gasar Firimiyar Najeriya, bayan wasannin mako na 25. A kakar nan ne Jigawa Golden Stars suka hau gasar, muna murna mu ma muna da namu a sama. Ba a ƙarasa kakar ba. A watan Yuli aka rufe ta da lissafin maki, Plateau United a kan teburi, ba a saukar da kowa ba. Ranar 24 ga Maris kuma aka ɗage gasar Olamfik ta Tokiyo zuwa shekara mai zuwa.

Sai abin ya iso ƙofar gida. Kano ta shiga kulle ranar 16 ga Afrilu. A wannan watan aka samu mai cutar a Jigawa, kuma Kazaure ce ƙaramar hukumar da gwamnan lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura, ya fara kullewa, ana dab da kama azumi. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya sa wa Kano kullen mako biyu, bayan mace-macen da suka tayar wa kowa da hankali. Duk wanda yake da ɗan'uwa a Kano ya san yadda waya take ƙara a kwanakin nan gabanka ya faɗi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Na kawo wannan ne don kar wani ya ɗauka ina yi wa dokar ba'a. Taron wasa yana yaɗa cuta, an gani. A Italiya, ranar 19 ga Fabrairu, mutanen Bergamo kusan 40,000 suka tafi Milan kallon Atalanta da Valencia, suka yi ta rungumar juna saboda an ci huɗu. Makonni kaɗan bayan nan motocin soja ne suke kwasar gawa daga garin. Likitocin can da kansu sun danganta yaɗuwar cutar da wasan nan. Don haka hana taro yana da hujja. Maganata a kan abin da aka ajiye ne da abin da aka bari ya ɓace.

TURAWA SUN ƊAUKI HOTON KUJERU

Ranar 16 ga Mayu 2020 aka dawo da gasar Jamus, ita ce ta farko cikin manyan gasannin Turai. Dortmund da Schalke, a filin da yake cin mutum sama da 81,000. Kimanin mutum 300 kawai aka yarda su kasance a ciki da kewayensa, har da 'yan wasa da alƙalai da masu ɗaukar hoto. An taƙaita masu hoton, 'yan kaɗan da suka shiga su ne suke raba abin da suka ɗauka ga sauran kafafen labarai. 'Yan benci suna zaune nesa da juna da takunkumi, ana goge ƙwallo da sinadari.

Haaland ne ya fara cin ƙwallo. Ya ruga kusurwa yana rawa, abokansa suka tsaya nesa suna tafa masa, ba mai taɓa wani. Da aka tashi 4-0, 'yan wasan Dortmund suka jeru suka nufi ɓangaren nan na magoya bayansu da yake ɗaukar mutum kusan 25,000 a tsaye, suka ɗaga hannu suna gaishe da siminti. Wannan hoton ya fi duk ƙwallaye huɗun yawo a duniya.

Ka ga, a da mai hoton wasa ɗan wasa yake bi. Jama'a suna can baya dishi-dishi, launi ne kawai da yake cika hoto. Da jama'ar suka ɓace sai masu hoto suka juya kyamara ga inda suka saba zama. Kujeru a jere ba kowa. Mai shara shi kaɗai a tsakiyar dubban kujeru. Mutum a kan tsani a bayan katanga yana leƙe. Sai da aka rasa 'yan kallo aka fara ɗaukar su da muhimmanci.

Ƙungiyoyi kuma suka shiga dabara. A Mönchengladbach magoya baya suka riƙa biyan Yuro 19 ana buga hotonsu a kwali ana kafawa a kujera, har sama da 12,000 a wasansu na farko a gida. Wato hoto ne ya je kallo a madadin mai shi. A garin Aarhus na ƙasar Denmak, ranar 28 ga Mayu, aka kafa manyan allunan talabijin a gefen fili, magoya baya suna zaune a falonsu suna bayyana ta Zoom. A Ingila da Sifaniya masu nuna wasa suka riƙa sa ihun jama'a na bogi, wanda aka ɗauko daga wasan kwamfuta na FIFA, don kar mai kallo a gida ya ji shirun ya yi yawa.

'Yan Liverpool da ke cikinku, na san ciwon bai warke ba. Shekara 30 kuna jira tun 1990, kofin ya zo ranar 25 ga Yuni 2020, aka miƙa wa Henderson ranar 22 ga Yuli a kan dandamalin da aka kafa inda magoya baya suka saba tsayawa, ba ko mutum ɗaya daga cikinsu. 'Yan Barcelona kuma ku yi haƙuri, 8-2 ɗin nan na ranar 14 ga Agusta a Lisbon, ko ba komai Allah ya rufa muku asiri ba a yi shi gaban jama'a ba. Da aka yi Olamfik a 2021, daga 23 ga Yuli zuwa 8 ga Agusta, filin Tokiyo mai cin mutum 68,000 wayam yake. A tire ake miƙo lambar yabo, ɗan wasa ya ɗauka ya rataya wa kansa. Haka Blessing Oborududu ta karɓi azurfarta ta kokawa, haka Ese Brume ta karɓi tagullarta ta dogon tsalle.

Duk wannan yana nan a ajiye, da rana da wata da sunan wanda ya ɗauka. Ɗan da za a haifa a Dortmund a 2050 zai iya gani da idonsa.

A GIDA NAJERIYA

Mu ma a matakin ƙasa an ɗan samu. A watan Oktoba 2020 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin buga ƙwallo, amma ban da tara jama'a. Ranar 13 ga Nuwamba Super Eagles suka karɓi Saliyo a Benin ba 'yan kallo. Muna gaba 4-0 aka tashi 4-4. Har yau ina cewa da akwai jama'a a filin nan, da tun a ƙwallo ta biyu ihu ya farkar da yaran. Ra'ayina ne, mai ja ya ja.

Ranar 27 ga Disamba aka fara sabuwar kakar Firimiya a rufe. Kano Pillars, ƙungiyar da take cika filin Sani Abacha maƙil, suka koma buga wasannin gida a filin Ahmadu Bello na Kaduna. A watan Afrilu 2021 Ahmed Musa, kyaftin ɗin ƙasa guda, ya dawo Pillars. A lokacin lafiya da Kano ta tsaya cak ranar wasansa na farko. Sai ga shi a Kaduna, a lokacin da doka ta ce ba kallo. Sai dai Sai Masu Gida ba a raba su da ƙungiyarsu da takarda. A watan Yuni, wasansu da Akwa United, jama'a suka cika filin, aka samu hargitsi, hukumar gasar ta ci tarar Pillars. A ƙarshen kakar Akwa United suka ɗauki kofi, Jigawa Golden Stars kuma suka sauka. Wato kaka biyun da muka yi a sama, ɗaya korona ta katse ta, ɗayar kuma an buga ta ƙofa a rufe. Yaro nawa ne daga Roni ko Gwiwa ya samu ganin ƙungiyar jiharsa a Firimiya da idonsa?

TO MU FA, NAN ƘASAN?

A nan ne maganar take. Baturen da ya ɗauki hoton kujeru ya samu abin ɗauka ne saboda akwai kujerun. Filinsa gini ne, ko ba kowa yana nan tsaye yana nuna cewa wani abu ya ɓace. Namu wasannin ba haka suke ba.

Ɗauki dambe. A ƙauye fagen dambe ba shi da katanga, ba shi da igiya. Jama'a ne katangar. Su ne suke yin da'ira, yara a zaune a gaba, manya a tsaye a baya, wasu kan babura, wasu kan bishiya, makaɗa a gefe da kalangu. In ɗan dambe ya ɗaura zare ya fito yana kirari, jama'a yake yi wa. In an yi turmi uku ba kisa, guna-gunin jama'a ne yake sa a nemo wani. In an yi kisa, kafin wanda ya faɗi ya tashi an riga an shigo fage da liƙi, kuma liƙin nan shi ne abincin ɗan damben da na makaɗinsa. Shago bai zama Shago ba sai da Ɗan Anace ya waƙe shi jama'a suka ɗauka. Cire jama'a daga fagen dambe, abin da zai rage maka fili ne da kashin awaki. Me za ka ɗauka? Haka kokawa, haka langa, haka sharon Fulani. Wasa ne da ba ya yiwuwa ba idon mutane, kuma ba ya yiwuwa da tazara. Ta yaya za ka ce wa 'yan kokawa su ba da tazara?

Allah ya taimaka tsananin kullen ya faɗo ne a bazara da farkon damina, lokacin da hankalin mutane yake kan sharar gona da shuka. Damben ƙauye na kaka ne, in an yi girbi aljihu ya yi nauyi. Kafin kakar 2020 ta zo an buɗe hanyoyi tsakanin jihohi tun 1 ga Yuli, abubuwa sun lafa. Amma 'yan damben da sana'arsu kenan, masu yawo tsakanin gidajen dambe na Kano da Abuja da Legas, su kam sun ji jiki. Wasu gida suka dawo suka kama fawa da noma. Mutanen Babura kuma ga ƙarin nasu: iyakar Nijar a rufe take tun Agusta 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe wasu mashigai har da Maigatari. Zumuncin wasa tsakanin nan da tsallake, wanda ya girmi iyakar kanta, ya daɗe yana tafiya a ɗarare.

Hawan Sallah ma wasa ne, in ka duba. Dawaki, mahaya, sukuwa, jahi, mata da yara a kan katanga. Ƙaramar Sallah ta kama 24 ga Mayu, Babba 31 ga Yuli. A Kano, sabon Sarki Aminu Ado Bayero da aka naɗa ranar 9 ga Maris bai yi hawa a Sallarsa ta farko ba. Masu dawakin da suka saba ɗinkin kayan hawa tun watan Sha'aban sai dai suka yi wa dokin wanka suka zagaya da shi bayan gida.

Ƙwallon unguwa kuwa ba ta tsaya ba, ɓuya ta yi. Wannan na gani da idona. An bar filin makaranta da yake bakin titi an koma gonaki. An bar yamma an koma bayan asuba. An bar goma sha ɗaya-goma sha ɗaya an koma biyar-biyar, ba riga iri ɗaya, ba usur, don usur tona asiri ne. Gidajen kallo da aka rufe, lokacin da Turai ta dawo da wasa sai wasu suka riƙa buɗewa rabi-rabi: ƙofa a tura, janareta a can nesa, murya a ƙasa. Ka taɓa ganin mutum arba'in an ci ƙwallo suna ihu cikin raɗa? Na gani. Wasu kuma mutum shida a kan waya ɗaya, an yi karo-karon kuɗin data, kawuna a haɗe, wanda hakan ya fi gidan kallon ma matsatsi.

To me ya sa ba mu da hotunan wannan duka, alhali kusan kowane saurayi yana da kyamara a aljihu? Saboda a shekarar nan hoto ya zama shaida. A Kano kotunan tafi-da-gidanka suna cin tarar masu karya dokar kulle, labari kuma yana zuwa mana. Da ka ɗaga waya sai ka ji an ce, "Malam don Allah kar ka ɗauke mu." Mai gidan kallo zai ce maka, "Yallaɓai, so kake a rufe mini wuri?" Ni kaina hoton nan na yaran, a ɓoye na ɗauka, kuma ban taɓa sa shi a nan ba don kar wani ya gane ɗan wane ne a ciki. Wasu da na ɗauka na goge su a daren.

Kun ga bambancin kenan. Su can suna da doka a bayansu, suna da izinin shiga, sai dai ba mutane. Mu muna da mutanen, amma ba damar ɗauka.

MAI HOTO

Ina da wani aboki mai ɗaukar hoto, ba zan kama suna ba. Shekara da shekaru yana bin gasar unguwanni da ta makarantu da kyamararsa a wuya, ya ɗauka yau, ya wanko gobe, ya bi 'yan wasa yana sayarwa. Da Sallah kuma yana bin mahaya. Na tambaye shi me ya ɗauka a 2020. Ya ce, "Ai ni a shekarar nan hoton fasfo ne ya riƙe ni, shi ma da ƙyar."

Sai ya faɗi wata magana da ban taɓa lura da ita ba. Ya ce hoton da ya fi kawo masa kuɗi shi ne na ƙungiya kafin a take wasa: shida a tsaye a baya, biyar a durƙushe a gaba, hannun kowa a kafaɗar ɗan'uwansa, gola da ƙwallo a tsakiya. Hoto ɗaya, kwafi goma sha ɗaya, wani lokacin har da na koci da na mai ɗaukar nauyi. Ya ce wannan tsayuwar ita ce daidai abin da aka hana. Taro, haɗa jiki, ba takunkumi, kuma ga fuskar kowa tsaf.

Ku shiga shagon aski ko na tela a garuruwan nan ku duba bango. Za ku ga irin hotunan nan, wasu sun koɗe, an rubuta shekara da biro a ƙasa. Da su ake sanin wa ya buga wa wa, wa ya rasu, wa ya tafi Legas, wa ya zama soja. Su ne littafin tarihin ƙwallonmu. Ku ƙirga shekarun: 2017, 2018, 2019, sai ku tsinci kanku a 2021.

MARISUWA

Ba wannan ne karon farko ba. A watan Satumba 1918 murar nan da ta game duniya ta sauka Legas ta jirgin ruwa. Ta bi hanyar jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano tun 1911, ta bazu cikin ƙasa ta kasuwanni da hanyoyin fatake. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya, lokacin ana lissafin jama'ar ƙasar kusan miliyan 18. Hausawa suka sa mata suna Marisuwa. A Kazaure zamanin Sarki Muhammadu Tura ne, muna ƙarƙashin Lardin Kano.

A wannan shekarar, a birnin Atlanta na Amurka, wani ɗalibi ya ɗauki hoton 'yan kallo a filin wasan jami'ar Georgia Tech, suna zaune da ƙyallaye a baki da hanci. Hoto ne kawai na ɗalibi, ba na jarida ba. Iyalinsa suka adana shi. Bayan shekara 102, da korona ta zo, hoton ya fito ya zaga duniya, mutane suka ga ashe kakanninsu ma sun sha irin wannan, kuma sun wuce ta.

Mu abin da muka gada daga Marisuwa suna ne a bakin tsofaffi, "an haife shi shekarar Marisuwa", su ma tsofaffin sun ƙare. An yi dambe a kakar 1918 ko an fasa? Cutar ta zo ne daidai lokacin girbi, lokacin wasa. Kakanninmu suna da uzuri, kyamara a lokacin tana hannun Bature. Mu mene ne uzurinmu?

ABIN DA NAKE ROƘO

Ba wani babban abu ba ne. Shekaru sun wuce, ba wanda zai ci tarar kowa yanzu.

Na farko, ku duba tsofaffin wayoyi da katin memori kafin yara su mayar da su abin wasa, ko a kai wa mai gyara ya wanke komai. Ku duba tsofaffin saƙonnin WhatsApp na ƙungiyoyinku. Duk wani hoto ko bidiyo na wasa daga Maris 2020 zuwa ƙarshen 2021, ko ya yi duhu, ko ya karkace, ku fitar da shi. Gidan kallo a kulle da kwaɗo, doki a turke ranar Sallah, gola da takunkumi a haɓa, bokitin wanke hannu a ƙofar fili, duk tarihi ne.

Na biyu, ku rubuta bayani. Hoto ba rana ba wuri kamar marayan ɗan akuya ne. Wane gari, wace unguwa, wane wata, wa da wa. Yanzu kuna tunawa, nan da shekara goma sai an yi musu.

Na uku, ku wanke ko da guda biyu ne a takarda. Wayata ta kawo shekaranjiya, ba ni da tabbacin za ta kawo baɗi. Hoton kakana na takarda kuwa yana nan tun kafin a haife ni.

Na huɗu, kafin ku sa hoton wani a fili ku nemi yardarsa, musamman mata da waɗanda suke yara a lokacin. Wanda ya ce a'a, a bar shi a ajiye.

Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a garin nan, muna da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha, muna da masarauta mai tarihi tun Ɗantunku. Ɗalibi ɗaya mai himma zai iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatunsa: ya zaga Kazaure, Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Babura, ya tattara hotunan, ya naɗi muryar masu gidan kallo da 'yan dambe da makaɗa da masu hoto. Malaman da suke bibiyata, ga shawara nan kyauta.

Na ƙarshe kuma ga matasa masu ɗaukar wasa da waya yanzu. Na ga kuna ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Amma kowa ƙwallo yake bi. Don Allah in kun ɗauki 'yan wasa, ku juya ku ɗauki jama'a. Mai rake, mai ruwan leda, dattijon nan da ba ya fashin zuwa da rediyonsa, yaran da ke kan katanga. Shekarar korona ta nuna mana cewa rana ɗaya za a iya wayar gari ba su, kuma in ba su wasan ma sai a hankali.

Jiya na je na nemo yaron kan darbejiyar. Ya zama saurayi, har ya fi ni tsawo, yana koyon walda. Na nuna masa hoton. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Baba, wallahi ranar nan haushi nake ji, don ni aka hana bugawa aka ce in hau bishiya, wai ni ne ƙarami." Na ce to ka yarda in sa? Ya ce in sa mana, amma in bari sai ya faɗa wa sauran bakwai ɗin. Biyar suna gari, ɗaya yana Kano, ɗaya kuma Allah ya yi masa rasuwa bara. Hotonsa yana wasa, in ji ɗan'uwansa, wannan ne kaɗai suke da shi. Gobe zan kai a wanke in miƙa wa mahaifiyarsa.

Wanda yake da nasa ya turo mini ta akwatin saƙo, da sunan gari da wata. In sun taru zan jera su a nan kowa ya gani, da sunan wanda ya ɗauka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kiyaye mu daga sake ganin irin wannan shekara. Amin.